Diskin da Ya Nemi Formasiyo

Ƙanena Idrisa ba shi da saurin magana, ba shi da saurin tafiya, ba shi da saurin komai. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogon hannu, ya duba na waya, sannan ya ba ka amsa. Ni kuwa Kadija, yayarshi, kowa a Gidan Baraka ya san bakina yana riga ƙafata isa wuri. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma wallahi wani lokacin nakan dube shi in ce anya ba a musanya mana shi ba ranar suna. Labarinshi zan ba da, sai dai ba yadda za a yi in ba da shi ban tona kaina ba. To, bari in tona.

Yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon babanmu Yusufu, Allah ya jiƙanshi. Baba ya tafi gona, yaro ya ɗauko rediyo ya baje bisa tabarma. Kafin ya cire ko ƙusa ɗaya, sai da ya zana cikin rediyon a ƙasa da tsinke, wannan waya nan take, wannan ƙusa can take. Ni a lokacin haushinshi nake ji, don an bar ni da daka shi yana wasa. Na zo wucewa na sa ƙafa na shafe zanen tas, da gangan. Na tsaya ina jiran ya yi kuka. Bai yi ba. Ya tattara kayanshi ya zagaya bayan rumbu, ashe ya yi wani zanen a can. Kafin Baba ya dawo rediyo tana magana.

Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro, daga nan ya wuce Maradi ya shekara bakwai wurin wani mai gyaran waya da odinatar, wato kwamfuta. Rasuwar Baba ce ta maido shi. Ya buɗe butik, wato shago, kusa da tasha, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, faifan rana mai ba da wuta a sama, batir ƙarƙashin tebur, benci ɗaya na masu jira. Ya auri Aisa, mace mai haƙuri, don sai mai haƙuri za ta zauna da mutumin da ke kulle ƙofa ya dawo ya taɓa kwaɗo sau biyu. Mutanen Dakoro suna kawo mashi waya da ta faɗa rijiya, da odinatar ta biro, wato ofis, da ta ƙi tashi, yana gyarawa, ba ya tsegumin abin da ya gani a ciki. Iyakar rayuwarshi ke nan, kuma da an bar shi da haka zai ƙare.

Ni ce ban bar shi ba, ni da gonata.

Mijina ya rasu shekara shida da suka wuce, na dawo Gidan Baraka da ɗiyana huɗu. Garinmu yana kan hanyar Bader Goula. Rabona na gonar Baba shi ne ɓangaren yamma, wanda ya jingina da burtali, wato hanyar da bisashe ke bi in za su hau arewa da damina, su gangaro kudu da kaka. Ƙasar burtali baƙa ce, shekara da shekaru shanu suna zuba mata taki. Gonata kuwa rairayi ne fari, ta gaji. Shekarar farko na ƙara layi biyu cikin burtalin. Ba wanda ya ce uffan. Ta biyu na tuge shingen aguwar da ke kan iyaka na ƙara huɗu. Da maƙwabta suka ga an ƙyale ni, su ma suka matso. Hanyar da a da garke ke shiga a baje ta koma amalanke biyu ba su iya gitta juna. Hatsin da nake samu a wannan tsirin ya fi na sauran gonar duka, shi ke kai mu damina.

Bana ruwa ya yi latti, muka yi shuka a makare. A arewa kuma tafkuna suka ƙafe da wuri, makiyaya suka gangaro tun hatsi bai nuna ba. Mutanen Samba suka sauka bakin rijiyar da ke arewa da gari da shanu sun fi ɗari uku. Samba dattijo ne, ya kai saba'in, ya san babanmu tun suna samari. Ya aiko wa maigari cewa a buɗe burtali. Samarin garinmu suka ce ba wani burtali da aka ci, iyaka tana inda take. Suka fara zama a bakin hanyar da sanduna bisa cinya.

Ina ƙarama an taɓa ɗauke mutum biyu daga wannan burtalin a cikin tabarma, ɗaya namu ɗaya nasu. Saboda haka ne shekara goma sha biyu da suka wuce wani furoje na raya karkara ya tara manoma da makiyaya, aka bi iyakar da ƙafa, aka rubuta takarda, aka ɗauki bidiyo. Furoje ya tashi kafin a kafa duwatsun shaida. Takardar gara ta cinye a ɗakin tsohon maigari, shi ma ya rasu, Baba ya rasu. Abin da ya rage bidiyon nan ne kawai, yana cikin tsohuwar odinatar ta ƙungiyar manoma da makiyaya. Sabon maigari ya sa ranar Alhamis a kalle shi gaban kowa. Ni na san abin da zai nuna. In aka kalle shi, tsirin nan ya fita hannuna da hatsin da ke kanshi.

Sai labari ya zo mani cewa odinatar ta ƙi nuna komai, za a kai wa Idrisa. Ranar Litinin tun da hantsi ina zaune kan bencin butik ɗinshi, wai na zo gaida Aisa.

Malam Tanimu, sakataren ƙungiya, shi ya shigo da ita a naɗe cikin zanen matarshi, Samba yana biye da shi. Malam Tanimu mutumin kirki ne, amma Allah ya jarabce shi da son formasiyo, wato kwas ɗin horo. Duk furojen da ya sauka ƙasar Dakoro da shi za a fara. Ya yi formasiyon allurar awaki, ya yi na haɗa taki, ya yi na bankin hatsi. Takardun shaida goma sha huɗu ke manne a bangon zaurenshi, in ka je gaisuwa sai ya karanta maka su.

"Idrisa, matsalar ƙarama ce," in ji shi. "Formasiyo take nema."

Idrisa ya ɗago kai. "Mi take nema, Malam?"

"Formasiyo. Da idona na karanta. In an kunna ta tana tashi lafiya lau. Da na je buɗe wurin da bidiyon yake, sai ta rubuto wai sai an yi wa diski *formater*, wi ko non, e ko a'a. To ka ga ta daɗe a ajiye, ilimi ya ci gaba ya bar ta. Har na kai hannu zan danna wi, sai na ce a'a, formasiyo sai mai ilimin abin."

Tunda uwarmu ta haife shi ban taɓa ganin Idrisa ya miƙe da sauri ba sai ran nan. Kujera ta faɗi bayanshi.

"Ka danna?"

"Ban danna ba, na ce maka."

"Ka tabbata, Malam? Ko sau ɗaya?"

"Haba, yaro, ni za ka titsiye?"

Idrisa ya tada kujerar ya zauna, ya share fuska da tafin hannu. Sannan ya yi masu bayani da wannan muryar tashi mai sa mutum barci. Ya ce a cikin odinatar akwai diski, nan ake ajiye komai. Wannan diskin an raba shi kashi biyu, na farko na kayan aikinta, na biyu na ajiyar ƙungiya. Duk lokacin da aka kunna ta, ba ta san komai ba, kamar baƙon da ya sauka gari. Abin da take fara yi shi ne ta je can bakin diskin, wani ɗan wuri ƙanƙane, inda aka rubuta kashi na farko ya fara nan ya ƙare nan, na biyu ya fara nan ya ƙare can. Da wannan rubutun take gane kowane kashi, ta ba shi suna, ta buɗe shi. Wata rana kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tana tsakiyar aiki, rubutun kashi na biyu ya lalace. Yanzu in ta tashi tana zuwa inda aka nuna mata, ta tarar ba nan ba ne, sai ta ɗauka wurin fili ne ba mai shi.

"*Formater* ba karatu ba ne, Malam," ya ce. "Shara ce. Tambayarka take, ta share wurin ta maida shi sabo? Da ka ce wi, da yanzu ba bidiyo."

Malam Tanimu ya cire hula ya riƙa fifita da ita. Ya ce innalillahi ya fi sau biyar. Samba ya jingina haɓa kan sandarshi.

"Wato kayan suna nan," ya ce. "Iyakar ce ta goce."

"Haka ne, Baffa."

"Ana iya gano ta?"

"Kowane kashi yana barin alama a inda ya fara, da wata a inda ya ƙare. Sai in bi diskin daga farko har ƙarshe in neme su. In na samu, in sake rubuta mata iyakar, in kashe ta in kunna. In ta gane, shi ke nan."

Samba ya gyaɗa kai. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, kuma rashin dubawar ya fi duba ciwo. Aguwar da na tuge ta faɗo mani a rai, don na san saiwoyinta suna nan ƙarƙashin hatsina.

Da suka tafi, Idrisa ya kwance odinatar ya fiddo diskin. Ɗan abu ne kamar gwangwanin sardin, wai a cikinshi tuwon ɗiyana yake. Ya ɗauko wani irinshi daga aljihun tebur, ya haɗa su da waya, wani layi ya fara rarrafe a kan ekiran, wato fuskar odinatar. Wuni guda yana zaune yana kallon layin nan. Na ce a raina, Allah ya ƙara maka nawa, ka kai Alhamis kana kallo. Na wuce gidanshi na sauka wurin Aisa.

Talata bayan azahar na dawo butik. Ba kowa sai shi. Diski ɗaya ne a kan tebur, an jona shi da odinatar tashi, ga tambayar nan a kan ekiran da ƴan akwatuna biyu a ƙasanta. Na ja benci na matso.

"Idi, ka san abin da ke cikin abin nan."

"Ban gani ba tukuna, Yaya."

"Kada ka raina mani hankali. Ka sani, na sani."

Ya ci gaba da goge wani ɗan ƙarfe da tsumma.

"Malam Tanimu da bakinshi ya ce formasiyo take nema," na ce. "To ka ba ta mana. Ka ce ka zo ka tarar ya riga ya danna bai sani ba. Ko ka ce abin ya ƙi. Wa ya san aikin nan a Dakoro in ba kai ba? Wa zai ga laifinka?"

"Ni zan gani."

"Kai za ka gani! Sannu, liman. Hatsin nan kwana goma ya rage mashi ya nuna. Kwana goma! Ɗiyan nan huɗu marayu ne, kai ne kawunsu. In shanu suka bi ta kai, mi zan ba su, waya da batir?"

"Abin da muke ci za su ci, Yaya."

"Kai da kake awon hatsi tiya-tiya a kasuwa? Rufe mani baki."

Na faɗa mashi maganganu da ba zan maimaita ba. Na ce Maradi ta cinye mashi zuciya. Na ce da Baba yana da rai da ya tsaya mani. A nan ne kawai ya ɗago ya dube ni, duban da ban gane ba sai daga baya. Aka kira la'asar. Ya ɗauki buta, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, ya fasa, ya fita.

Shekara biyu kawai na yi a lakwal, amma na san wi, na san non. Na ga yadda yake tura ɗan abin nan da hannu kibiya ta motsa. Kwanon rufi yana ta ƙara saboda zafi, daga tasha ana kiran Maradi, Maradi. Kibiyar ta wuce, na maido ta. Na danna wi. Ta sake tambayata wani abu, na sake dannawa. Layi ya fito ya fara rarrafe. Na koma kan benci na gyara lulluɓi, na ɗora hannuwa bisa gwiwa kamar mai jiran likita.

Ya dawo yana gyara hannun riga. Ya tsaya gaban ekiran ya daɗe. Ina jiran ya yi ihu, ko ya zage ni, wallahi da ya mare ni ma da na ji sauƙi. Bai juyo ba.

"Motar Gidan Baraka ta kusa tashi, Yaya," ya ce. "Kada ki rasa ta."

A cikin mota na ce wa kaina na tsira. Har na sayi ƙosai na ci. Amma da muka kusa gari na hango abin da ya tsayar mani da shi a wuya. Mutanen Samba sun kwashe matansu da ƙananan yaransu daga bakin rijiya, sun maida su can bayan tudu. Maza kaɗai suka rage tare da shanu. Duk wanda ya girma a ƙasarmu ya san ma'anar wannan: shirin faɗa ne.

Laraba gari ya yi tsit. Mata ba su fita itace ba. Maƙerin garinmu yana ta aiki tun safe, kuma ba lokacin gyaran hauya ba ne. Kukan shanu yana zuwa daga arewa ba ya yankewa, irin kukan da suke yi in sun sha ruwa bai ishe su ba. Na tafi gona don in ga hatsina in ji sanyi. Yana nan tsaye ya fi ni tsawo, zangarniya ta yi nauyi, in ka matsa ƙwaya sai farin ruwa ya fito. A bakin burtali samari sun kai ashirin, cikinsu har da ƴaƴan da na goya. Ɗaya ya ɗaga mani sanda yana dariya, ya ce, "Inna Kadija, kwantar da hankalinki, ko akuya ba ta wucewa."

Ina juyowa na ci karo da Samba, ya fito daga wurin maigari shi kaɗai.

"Ɗiyar Yusufu, ina wuni?"

Na durƙusa na gaishe shi.

"Rijiyar nan ta fara ba da laka," ya ce. "Jiya maruƙa biyu sun kwanta ba su tashi ba. Na riƙe samarinmu kwana tara. Gobe in an ga bidiyo, kowa ya bi abin da ya gani. In ba a gani ba, shanun za su wuce duk da haka. Ba ni zan sake su ba, ƙishirwa za ta sake su." Ya dubi samarin, ya dubi hatsin. "Allah ya sa ƙanenki ya gano iyakar nan."

Na ce amin. Da bakin nan nawa na ce amin. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na ɗauka in ba bidiyo za a bar ni da gonata. Ashe bidiyon ne kaɗai abin da ɓangarorin biyu suka yarda su saurara, ni kuma na share shi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da mijina ya cika. Na so in koma Dakoro, to in je in ce mi? Na zauna gindin hatsi na yi kuka, kuma ko a cikin kukan ban daina son tsirin nan ba.

Alhamis da hantsi aka taru ƙarƙashin babban gawon da ke tsakiyar hatsina. A da shi ne bakin gonar Baba, yanzu layi goma sha takwas ne tsakaninshi da abin da ya rage na burtali. Manoma suka zauna gabas, makiyaya suka tsaya yamma, maigari a tsakiya yana ta zufa. An ce a ajiye sanduna, kowa ya ajiye tashi inda ƙafarshi ke taɓa ta. Mu mata muna baya.

Idrisa ya iso kan babur, odinatar a ɗaure bayanshi, batir tsakanin ƙafafu. Na ce yau ko dai ya ce abin ya ɓace a kashe juna, ko ya nuna ni da yatsa. Ya sauke kaya bisa turmi da aka kifa, ya jona wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba kowace sau biyu. Wani ya yi tsaki. Ni kaina na ji kamar in je in fizge.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa maigari, "na sake rubuta mata iyakar. Na ga sunan bidiyon, amma ban kalla ba. Na bar shi sai gaban kowa."

Ban fahimci maganar ba. Na ɗauka kunya ce ta sa shi ƙarya, kuma yanzu za ta fashe mashi a hannu.

Ya danna. Fanka ta fara kuka a cikinta. Ekiran baƙi, sai wasu fararen rubutu suka fito suka ɓace. Ya ce yanzu take zuwa bakin diski ta karanta. Mutum ya fi ɗari a wurin, ba ka jin komai sai kukan shanu daga nesa. Na buɗe baki in yi addu'a na rasa wadda zan yi, ta gane ko kada ta gane. Ekiran ya yi haske. Ya tura kibiya ya buɗe wani wuri. Akwatuna biyu suka fito gefe da gefe, na biyun da shuɗin layi ya cika fiye da rabi. Ba ta tambayi kowa wi ko non ba.

Malam Tanimu ya ce, "Allahu akbar, ta gane!"

Hoton ya fara da rawa, sai ya tsaya. Gawon nan ne, wannan da muke ƙarƙashinshi. Ga tsohon maigari, ga Samba gemunshi bai gama fari ba. Sai wani mutum ya shigo da shuɗiyar riga mai faci a kafaɗa, ya dafa gawon. Ni na yi wannan facin.

Shekara takwas ban ji muryar Baba ba. Ba mu da hotonshi ko ɗaya sai na katin zaɓe.

"Ni Yusufu," ya ce, "gonata a nan ta tsaya, gindin gawon nan. Daga nan zuwa aguwar wancan gefen hanyar bisashe ce. Ba tawa ba ce, ba ta ɗiyana ba ce. Kowa ya shaida."

Daga cikin bidiyon aka amsa, mun shaida. Sai ga wata mace ta ratso ta bayansu da ƙwaryar fura a kai, tana tafe tsakiyar burtali ba ta san ana ɗauka ba. Na manta sam na zo ganin gida a wannan makon. Baba ya juya ya gan ta, ya yi dariyar nan tashi da ke rufe mashi ido.

"Ke Kadija! Kauce daga hanyar shanu mana!"

Mutanen cikin bidiyon suka yi dariya. Na ƙarƙashin gawo ba wanda ya yi. Ba wanda ya juyo ya dube ni, sai dai na ji matan da ke kusa da ni sun ɗan ja jiki. Samba ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani. Samarin nan ɗaya bayan ɗaya suka janye ƙafa daga kan sandunansu.

Maigari ya ce to, an gani. Samba ya ce zai ba mu zuwa la'asar, kowa ya yanki abin da zai iya. Mi za a yanka? Hatsi mai ruwa in ka yanke shi ƙaiƙayi ne. Maƙwabta suka shiga nasu da wuƙaƙe duk da haka. Ni ban shiga nawa ba.

Idrisa yana naɗe wayoyi na je na tsaya kanshi.

"Na share shi," na ce a hankali. "Da hannuna na share shi."

"Tagwai kika share, Yaya. Ba na aiki kan diskin mutane, sai na kwafe shi kaf a wani. Na asalin yana cikin akwatin Aisa tun Litinin, ƙarƙashin zannuwa. Kusa da shi kika kwana."

"Ka san zan taɓa?"

"Kin tuna rediyon Baba?"

Raina ya ɓaci, don ko a wannan halin ba na son a riga ni. Na ce, "Wato tarko ka ɗana mani. Da gangan ka bar shi a buɗe ka tafi masallaci."

Ya ɗaure batir a kan babur, ya ja igiyar, ya sake ja.

"Da gangan na bar shi," ya ce. "Na so in dawo in tarar ba ki taɓa ba."

Na fi son zagi sau dubu. Bai faɗa wa kowa ba, har yau ko Aisa ba ta sani ba, sai in ta ji daga bakina yanzu. Tun daga watan nan duk ranar kasuwa buhu yana isowa gidana a motar garinmu, ba saƙo ba gaisuwa, kuma na san daga cikin tuwon gidanshi ake rage shi. Malam Tanimu kuwa ya bi gari yana ba da labari cewa shi ya ceci ƙasa da bai danna wi ba. Gaskiyarshi ne, shi bai danna ba.

Da la'asar aka saki shanun. Tun kafin a gan su ƙasa ta fara motsi ƙarƙashin ƙafa. Na tsinci kaina tsaye a tsakiyar layukan nan goma sha takwas, ban san lokacin da na shiga ba, na riƙe kara ɗaya a hannu. Wani babban bajimi ja ne a gaba, haƙarƙarinshi duk a waje, idonshi yana kudu inda ruwa yake. Makiyayin da ke gabansu ya ɗaga sanda ya tsaida su, yana jirana. Na ji karan farko ya karye.

Na saki wanda ke hannuna, na taka layukan ɗaya bayan ɗaya har na kai gindin gawo, na dafa inda Baba ya dafa.

Na ce, "Na kauce, Baba."